Injin Da Na Koya Wa Kunya

Kuɗin motar da ya kai ni Legas tunkiya ce. Ku daina dariya, da gaske nake. Tunkiyar Inna ce, kakarku, wata fara mai baƙin kunne da take kiwo a bayan ɗaki nan Limawa, inda yanzu kuka jibge tsofaffin tayoyi. Ranar da takardar ɗaukata aiki ta zo, Inna ta sa aka ja tunkiyar zuwa kasuwa, ta dawo ta cusa kuɗin a lalita ta ɗaura min a ƙugu ƙarƙashin zani. Na ce, "Inna, yanzu fa a banki ake sakawa." Ta ce in bankin ya matsu ya zo ya kwance da kansa. Haka na shiga mota, ga takardar shaidar karatun kwamfuta a jaka, ga lalita a ƙugu kamar mai tallan goro.

Baba kuwa, kun san shi da halinsa na tsohon ma'aikacin reluwe, bai raka ni tasha ba. A ƙofar gida ya tsaya ya ce, "Rabi, duk inda kika je, kada in ji an ce ke kika wulaƙanta mutum." Shi ke nan guzurinsa. Na riƙe maganar da kyau, har na riƙe ta fiye da yadda ya kamata.

Ke Ummi, tunda ke ce kike rawar kai za ki Legas, matso ki ji. Labarin ba na tunkiya ba ne. Labarin ƙwarar kaɗanya ne, ta matan wajen Wushishi, wahalarsu ta damina guda cur, da yadda na kusa ruɓar musu da ita ina zaune a ɗaki mai sanyi ban taɓa ko ƙwaya ɗaya da hannuna ba.

Amma bari in fara da masauki. Mun bi Bida, mun bi Mokwa, muka ƙetare Jeba, kafin mu isa ƙafafuna sun kumbura sun zama kamar doyar Gwari. Wani ejan, dillalin gidajen haya, ya kai ni ɗakin da suke kira selfkon. Ni da na ji sunan na zaci wani abin kirki ne. Ashe ɗaki ne ɗaya da aka matse masa banɗaki a kusurwa, in kana wanka kana iya miƙa hannu ka juya miyarka a kan risho. Mai gidan wata dattijuwa ce, Iya Bose, gajera, muryarta ta fi ta girma. Satina biyu a gidan na je na durƙusa na gaishe ta, na tambayi lafiyarta, da ta 'ya'ya, da ta jikoki, da gajiya, da kasuwa. Tana ta kallona. Sannan na ce ko za ta yarda in ɗaura igiyar shanya a barandar baya.

Ta ce, "A'a."

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Kun san a nan gida ko za a hana ka abu sai an ce "to, bari mu gani," ko "sai maigida ya dawo," kai da kanka ka gane ka janye da mutuncinka. Na ce, "Iya, ko zuwa gaba?"

"Ba yau ba, ba gaba ba. Oya, ina da aiki."

Na koma selfkon ɗina na zauna a bakin katifa na yi kuka sosai. Ba don igiya ba. Ban taɓa jin an ce min a'a tsirara haka ba, ko ɗan zani ba a yafa mata ba. A raina na yanke cewa mutanen garin nan ba su da kunya ba su da kara, ni kuwa ba zan zama irinsu ba.

Kamfanin da ya ɗauke ni amfanin gona yake saye yana fitarwa waje: riɗi, citta, ƙwarar kaɗanya. Ni ba ruwana da buhu ko sikeli. Ɗakin kwamfuta aka kai ni, ƙarƙashin wani Oga Kunle, dogo, mai gilashi, wanda in ka ce masa ina kwana sai ya duba agogo kafin ya amsa. Aikina shi ne kula da injin wasiƙa. Kai Sadiƙ, na ga ka ɗaga gira, kana ganin ka san imel tunda kana da waya. To ba ka sani ba, saurara.

Wasiƙar imel ba ta tashi daga hannunka ta faɗa hannun mutum kai tsaye. Sai ta zo ƙofar kamfani wani inji ya tare ta. Su suna ce masa saba, ni dai mai gadi nake ce masa, don aikinsa ke nan. Ya duba ta sama da ƙasa, in ta yi daidai ya ce wa injin da ya kawo ta, "Na karɓa," ya rubuta a littafinsa, ya ajiye kwafi guda a ma'aji, sannan ya miƙa ta ciki. A ciki akwai wani inji na biyu, tsoho tukuf, tun kafin a ɗauki Oga Kunle yake, shi ke jefa wa kowa tasa a akwatinsa.

To wani lokaci wasiƙa kan zo da harafin da bai halatta ba. Ba irin wanda ido ke gani nake nufi ba. Tsohuwar kwamfuta ce kan saka shi, ko wanda ya kwaso rubutu daga wani tsohon fayil ya manna, sai wani abu ya biyo cikin rubutun, ba ka ganinsa ko ka sa tabarau. Kamar tsakuwa ce a shinkafar gida, sai haƙori ya same ta. Mai gadi yana ganinta. Kuma hanya uku gare shi: ko ya mayar da wasiƙar ya gaya wa mai ita ba ta shiga ba, ko ya tsince tsakuwar ya wuce da sauran, ko ya rufe ido ya bar ta ta shige yadda take. Oga Kunle ya saita namu a kan ta farko. Wasiƙa ta zo da tsakuwa, a ƙofa za ta juya. Bawuns suke ce wa wannan, sai ka ce ƙwallo.

Abin ya tsaya min a rai. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Oga, me zai hana mu tsince musu kawai?"

Ya ce, "In kika sa hannu a wasiƙar mutum, ba tasa ba ce kuma. Gobe ya ce ba haka ya rubuta ba, me za ki ce?"

"To a bar ta ta shiga mana. Mutum ya wahala ya rubuto."

"A mayar masa, ya san ba ta shiga ba, ya gyara ya sake aikowa. Kada ki taɓa wannan saitin."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan bawan Allah ba a taɓa gaya masa baƙonka annabinka ba.

Na shekara ɗaya da 'yan watanni lafiya lau. Na koyi tsalle in kama motar hayarsu, danfo, tana gudu, na koyi cewa abeg, na koyi cin amala ba tare da na rufe ido ba. Har na fara jin kaina. Da na zo hutun salla, a zauren nan na zauna ina ba da labarin kamfaninmu, ina cika baki, Alhaji Bawa yana ji. Ba ku riske shi sosai ba, aminin Baba ne tun suna yara, ɗan kasuwa, shi ke tsaya wa matan ƙauyukan Wushishi masu tsintar kaɗanya wajen nemo musu mai saye. Na ce masa ai kamfaninmu har mota yake turowa, kuma farashinsa ya fi na 'yan sari. Ni na haɗa shi da Madam Ngozi mai kula da saye. Ba wanda ya aike ni.

Damina ta yi nisa, mata sun tsinto, sun dafa, sun shanya, sun fasa, ƙwara ta bushe ƙayau a ɗakunansu. Madam Ngozi ta fitar da dedilayin ɗinta, wato ranar rufe ƙofa: duk mai kaya ya rubuto ta imel kafin azahar ɗin Juma'a, ya faɗi yawan buhunansa da inda mota za ta same su. Waya ba ta karɓa, saƙon baki ba ta karɓa, don an taɓa musa mata magana. Wanda ya rubuto ya shiga jerin motocin mako mai zuwa, wanda bai rubuto ba ya jira wata na gaba.

Alhaji Bawa ya je wani shagon buga takardu a Shango, mai wata kwamfuta da ta girme ku duka, aka buga masa aka aika ranar Laraba. Ta dawo. Ya sake ranar Alhamis da safe, ta dawo. Ya sake da rana, ta dawo, kowane karo da dogon Turanci a kanta. Mai shagon ya karanta masa ya fassara iya fahimtarsa, ya ce kamfani ya ƙi karɓa. Alhaji bai kira ni ba. Gidan nan ya zo ya zauna wajen Baba ya sha ruwa, suka yi hirar duniya, sai da zai tashi ya ce, "Wasiƙata dai sau uku ana koro ta daga wajen 'yarmu. Ƙila ba su son hulɗa da irinmu."

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Baba ne, mutumin da ba ya kira sai salla.

"Rabi, an ce ke ce mai tsaron ƙofar wasiƙa a can."

"E, Baba, amma inji ne yake..."

"Injin ba ke kike juya shi ba? Alhaji Bawa ne fa. Shi ya yanka ragon sunanki."

Ya kashe wayar. Na buɗe littafin mai gadi, ga su nan sau uku, dalili ɗaya: tsakuwa a tsakiyar wasiƙa. Yanzu ku gaya min, me ya kamata in yi? Ke Ummi kin faɗa daidai, in kira Alhaji in ce ya je wani shago a sake bugawa daga farko, kada a manno komai. Minti biyar an gama. Ni ma na san haka a lokacin, ba jahilci ba ne. Bakina ne ya kasa. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa sa'an ubana wasiƙarsa ce mai datti, laifin daga wajensa ne, ya tashi ya sake hawa keke yana yawon shaguna? Gani na yi kamar in na faɗi haka na zama Iya Bose.

Ranar Juma'a da safe Oga Kunle ya tafi tashar jiragen ruwa. Na zauna gaban injin ina ta lissafin yadda zan faranta wa kowa. Oga ya ce kada a sa hannu a wasiƙar mutum, to ba zan tsince komai ba. Baba ya ce kada a kori mutum, to ba zan kora ba. Ƙofa kawai zan buɗe, in ce wa mai gadi ya rufe ido na ɗan lokaci. Har ina yaba wa kaina wayo. Na kira Alhaji na gaishe shi na ce ya koma shagon, da ya isa na cire saitin na ce ya sake aikowa yanzu. Ina kallo ta iso. Mai gadi ya rubuta, "Na karɓa." Na mayar da saitin yadda yake, ko minti goma ba a yi ba.

Alhaji ya kira ya ce, "Ta shiga, 'yata?"

Na ce, "Ta shiga, Baba Alhaji. Da idona na gani."

Ya yi ta sa min albarka har katinsa ya ƙare. Ban leƙa akwatin Madam ba, don ba a ba mu izinin karanta wasiƙar mutane ba, ban kuma taka zuwa ofishinta na tambaya ba, ga shi hawa ɗaya ne tsakaninmu. Littafi ya ce an karɓa, ni ma na ce an karɓa. Da yamma ma Alhaji ya sami amsa daga Madam: ta gode, suna lafiya, Allah ya yi albarka. Shi ke nan kowa ya kwanta da daɗin rai.

Alhaji ya aika ƙauyuka cewa mota na zuwa Talata. Mata suka fito da ƙwararsu daga ɗakunan da take a bushe, suka yi ta jigila a kafaɗa zuwa wata rumfa a bakin titi inda babbar mota za ta iya tsayawa. Rumfar kwanonta duk huji, an dai yafa tamfol. Ranar kasuwa 'yan sari suka zo suna taya, matan suka ce an riga an sayar. Ga damina ta kankama, kullum sai an yi ruwa. Ita kuwa ƙwarar kaɗanya in ta sha laima sai ta yi fumfuna ta yi baƙi, man da ke cikinta ya yi ɗaci, ba mai sayenta da daraja.

Talata ba mota. Laraba ba mota. Alhaji Bawa shi ma da tasa kunyar, bai so ya zama mai matsa wa 'yar amininsa ba, sai ranar Alhamis ya kira. Ya gaishe ni tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan Legas, sannan ya ce, "Na ce ko hanya ce ta riƙe direban."

Na hau sama da gudu wajen Madam Ngozi. Ta duba jerinta ta ce ba Wushishi a ciki.

"Madam, ya rubuto ranar Juma'a."

"Ya rubuto, ƙwarai. Zo ki gani, na ma ji daɗinta."

Ta juyo min da kwamfutar. Ga wasiƙar Alhaji da Turancin mai shago. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yana fatan Madam tana lafiya, da maigidanta, da yara, da dukkan ma'aikata manya da ƙanana. Yana tambayar yadda aka ji da aiki, da yadda aka ji da damina. Su ma nan lafiya lau sai godiyar Allah. Bayan haka. Daga nan sai farin fili, ba ko ɗigo.

Madam ta ce, "Ku 'yan Arewa akwai kirki. Mutum ya zauna ya rubuto gaisuwa kawai. Shi ya sa na amsa masa."

Nan take na gane. Mai shagon da hannu ya buga gaisuwar, sannan ya kwaso jerin buhuna da kwatancen rumfa daga wani tsohon fayil ya manna a ƙasa, tsakuwar tana daidai mahaɗin. Mai gadi ya rufe ido ta wuce, yadda na umarce shi. Shi kuwa tsohon injin ciki, a wajensa irin wannan harafin alama ce ta nan magana ta ƙare. Da ya iso kanta sai ya ɗauka an gama, ya jefa abin da ya karanta a akwati ya watsar da sauran. Ashe abin da Oga yake karewa ke nan bai tsaya yi min dogon bayani ba. Da wani ne daga cikin mutanen Legas ya rubuto, layin farko zai ce buhu kaza a wuri kaza, ko an yanke ƙasa ba a yi asara ba. Mu kuwa sai mun gaishe da kowa har kajin gida, maganar da ta kawo mu tana can ƙarshe. Garin neman gira na rasa ido.

Na ce, "Madam, wallahi sauran maganar tana ciki, yankewa ta yi."

Ta ce, "Kawo min shaida cewa ta iso cikakkiya kafin azahar ɗin Juma'a, in nemo masa mota. In babu, sai wata mai zuwa."

Shaida tana nan. Kwafin da mai gadi ya ajiye a ma'aji cikakke ne, da lokacinsa. Amma Oga Kunle kaɗai ke da mabuɗin ma'ajin, kuma yana buɗewa zai tambayi yadda wasiƙa mai tsakuwa ta wuce ƙofarsa, littafi kuma zai nuna masa sunan wanda ya cire saitin da minti nawa. Gaba damisa, baya siyaki.

Ga wurin da ba na son faɗa, amma tunda na fara zan ƙarasa. Ban je wajensa ranar Alhamis ɗin ba. Ban je Juma'a ba. Na ce wa Alhaji ana kan magana. Na ce wa kaina ƙila ruwa ya ɗauke, ƙila Madam ta sauko da kanta, ƙila wata mota ta biya ta can. Asabar da Lahadi ina kwance a selfkon ina kallon silin, ana ruwa a Legas ina jin kamar a kan buhunan nan yake zuba. Tsoro ne kawai, ba wani suna da zan ba shi. Buɗe ƙofar da na yi kuskure ne na mai son a yabe ta. Kwana huɗun nan kuwa da sanina na yi su, kuma har yau su ne suke cina.

Litinin da safe na shiga ofishinsa ban ko gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Oga, ranar Juma'ar waccan na cire saitin da ka hana. Wasiƙa ta shiga ta yanke. Kayan mutane na ruɓewa a bakin titi. Ina so ka buɗe ma'aji."

Ya cire gilashinsa ya goge. Na zaci zai yi ihu, bai yi ba. Ya buɗe, ga wasiƙar Alhaji cikakkiya, buhuna, kwatancen rumfa, har da lambar wayarsa, ta iso da hantsi. Ya buga ta a takarda ya kai wa Madam da kansa, ina biye da shi kamar akuyar da aka kamo a gonar mutane. Madam ta cika alkawari, ta ɗaga waya ta fara neman direba.

Da muka dawo ya ce, "Yaushe kika gane?"

"Alhamis."

"Yau Litinin."



Ya ƙara da cewa, "Injin nan sau uku yana gaya wa dattijon gaskiya. Ke kika zo kika sa shi ya ce ya karɓi abin da ba zai iya isarwa ba."

Na ce, "Oga, zan ci gaba da aiki?"

Ya ce, "A'a. Ƙarshen wata."

Wannan karon ban tsaya jiran sauran maganar ba. Ya dai rubuta min takardar shaida mai kyau, ya ce hannuna na da kyau a aiki, wadda da ita na sami wannan ɗan aikin da nake yi yanzu a nan gari. Mota ta isa Wushishi ranar Alhamis, kwana tara bayan ranar da aka sa musu. Mai duba kaya ya zazzage buhu bayan buhu, ya ɗauki na tsakiya da suka tsira, ya bar na sama da na ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na dawo Minna da buhun Gana biyu da risho. Ina ta shirya abin da zan ce wa Baba tun daga Jeba. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Da kin ce min ba haka abin yake ba, da na ji." Na ce, "Ka kashe wayar, Baba." Ya yi gyaran murya ya ce wayar ce ba ta da caji. Kun san kakanku, iyakar ban haƙurinsa ke nan. Sannan ya ce in shirya, gobe Alhaji zai kai ni Wushishi, zuwa da kai ya fi aike.

Shugabar matan wata tsohuwa ce, Mama Talatu, Bagwariya, 'yar siririya, kafaɗarta ɗaya ta yi kanta saboda ɗaukar kaya. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Muka same su a rumfar nan su wajen goma, sun baje ƙwarar da aka bari a kan tamfol suna tsince mai ɗan dama daga baƙar, ko za a sami abin yin man girki da sabulu. Warin fumfuna ya cika wurin. Alhaji ya fara zagaye-zagaye yana cewa ƙaddara ce, hanya ce, sha'anin na'ura ne. Na durƙusa na ce ba na'ura ba ce, ni ce. Na ba su labarin tun daga mai gadi har kwana huɗun, ban rage komai ba. Ba wadda ta ɗago kai daga aikinta.

Da na gama Mama Talatu ta ce, "Wannan inji naka, da fari ya ce a'a?"

"E, Mama. Sau uku."

"To shi yana da kirki. Da a'a ɗin nan ya iso wurinmu, kaya yana ɗaki, ranar kasuwa mu sayar ma 'yan sari. Kuɗi kaɗan, amma kuɗi." Ta turo min faifai da ƙafa. "Zauna. Baƙi nan, ja nan."

Na zauna a ƙasa da leshina na Legas, muka yi ta tsinta tun hantsi har la'asar. Ba wadda ta zage ni, ba kuma wadda ta ce ba komai. Wata mai goyo a gefena ta ce da kuɗin ta so ta sake rufin ɗakinta kafin ruwan ƙarshe, ta faɗa ne kawai kamar mai ba da labarin wani, ta ci gaba da tsinta. Da an mare ni da ya fi min sauƙi. Yatsuna suka yi baƙi, bayana ya ƙage, ban yarda na miƙe ba sai da suka miƙe.

Za mu tafi, Mama Talatu ta shiga bayan rumfa ta fito da curin man kaɗanya a ganye, mai duhu, irin wanda suka fara tatsa daga ƙwarar da aka ƙi. Ta miƙo min. Kunya ta rufe ni, na ja da baya na ɓoye hannuwa na ce, "A'a, Mama, ku bar shi, a'a."

Ta dube ni sama da ƙasa ta juya wajen matan.

"Ku ji shi. Yanzu ya iya a'a."

Suka kwashe da dariya gaba ɗaya, har mai goyon nan, har Alhaji Bawa yana rufe baki da hula. Ni ma na yi dariyar, hawaye na zuba, na sa hannu biyu na karɓa.